Hoton Masu Wucewa Bisa Titi: Dabarun Sana'ar da Iyakarta

A shekara ta 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya kafa akwatin hoto a bakin taga, cikin birnin Pari, ya auna wani babban titi mai yawan jama'a da kekunan doki. Da hoton ya fito sai ga hanya fayau, kamar an kore kowa. Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani sai an bar idon akwati a buɗe mintoci da dama kafin haske ya kama, duk abin da ke motsi ba ya barin alama. Mutum guda ne ya fito sosai can wajen kusurwa, domin ya tsaya ana goge masa takalmi. Bai san ana ɗaukarsa ba, har yau kuma ba wanda ya san sunansa. Daga kansa a kan fara lissafin hoton masu wucewa, watau hoton mutanen da ke cikin harkarsu, ba su shirya ba, ba a kuma ce musu su shirya ba.

Wannan sana'a dabam take da ta mai hoton shago. Wanda ya je a yi masa hoton katandante, ko na Salla, ko na aure, ya kan sa tufafinsa mafi kyau, ya gyara hula, ya turo hannu gaba don agogo ya fito, sa'an nan ya ƙame kamar soja a gaban babbansa. Irin wannan hoto yana nuna yadda mutum ke son a gan shi. Hoton titi kuwa yana nuna yadda mutum yake sa'ad da ya manta da kansa: ga-ruwa ya karkata ƙarƙashin sanda, mai tuyar ƙosai tana kare fuska daga hayaƙi, ƴan lakkol sun fashe da gudu bayan an kaɗa ƙararrawa. Da zarar ɗayansu ya hangi akwati, abin ya lalace. Saboda haka dabarun sana'ar duka wuri guda suka dosa: a ɗauka kafin a farga, ko kuma a daɗe a wurin har a daina kulawa da mai ɗauka.

Abin bai yiwu sosai ba sai da akwati ya ƙanƙance. A 1925 kamfanin Leitz na ƙasar Jamus ya fito da Leica, wanda wani ma'aikacinsa, Oskar Barnack, ya ƙera. Yana shiga aljihun kwat, yana aiki da fim irin na silima mai faɗin milimita 35, naɗi guda kuma yana ba da hoto 36. Ba ƙafafu uku, ba baƙin ƙyalle da za a lulluɓa a ka.

Mafarauci da akwati

Wanda sunansa ya fi fita cikin wannan aiki shi ne Henri Cartier-Bresson, ɗan Faransa, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 2004. Tun yana saurayi, wajen 1931, ya yi zama a Kwaddebuwa, inda ya riƙa farauta da dare da fitila yana sayar da nama. Zazzaɓi mai tsanani ya kusa kashe shi, ya koma gida. A 1932 ya sayi Leica a Marsai, kuma halin da ya koya a daji shi ya kai cikin birni: tafiya a hankali, tsayawa shiru, harbi ɗaya. Ya kan naɗe wuraren da ke ƙyalli a jikin akwatin da baƙin salatif don kada su ja ido. Ba ya aiki da walƙiyar fitila, domin a ganinsa rashin ladabi ne a haske fuskar mutum ba zato. Kusan dukan rayuwarsa da gilashi iri ɗaya ya yi aiki, mai lamba 50, wanda ganinsa ya yi kusa da na idon mutum.

Hotonsa da aka fi sani, a wannan shekara ta 1932 ya ɗauke shi, a bayan tashar jirgin ƙasa ta San Lazar. Ana gyaran hanya, ruwa ya kwanta, an kewaye wurin da katako. Ya zura idon akwatin ta tsagar katakon. Wani mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan, hoton ya kama shi a sama, diddigensa saura ƙiris ya taɓa inuwarsa da ke cikin ruwa. A bango, can baya, akwai takardar talla mai hoton wata ƴar rawa ita ma ta yi tsalle. Da ya danna kafin haka da ƙiftawar ido, ko bayan haka, da ba a sami kome ba sai mutum da kududdufi.

Darasin da ke ciki shi ne, mai hoton titi ba ya bin mutane yana tsere da su. Ya kan nemi wuri tukuna: bango mai kyau, ƙofar da haske ke ratsawa, mararraba, matakala. Ya shirya kome cikin tagar leƙe, ya bar gurbi guda, sa'an nan ya jira wanda zai shigo ya cika gurbin. Jiran na iya kai rabin sa'a, yana iya ƙarewa ba a sami kome ba. Amma yana da amfani na biyu: wanda ya daɗe a tsaye wuri ɗaya ya zama kamar turken fitila, masu wucewa ba su ƙara dubansa. Littafin da Cartier-Bresson ya fitar a 1952 sunansa Images à la sauvette. Kalmar ƙarshen nan Faransawa kan faɗe ta ga ɗan tallan da ba shi da patanti, mai sayarwa yana waige, in ya hangi ɗan sanda ya naɗe kayansa. Shi kansa mai littafin ya san aikin yana da kamar sata a ciki.

Shiri tun kafin a fita

Wanda zai tsaya yana murɗa gilashi sai ya daidaita, ya riga ya makara. Saboda haka masu sana'ar kan daidaita tazara tun daga gida. Idon akwati yana da ƙofar haske da ake faɗaɗawa ko a tsuke, kuma lambobinta a juye suke: lamba 2 ƙofa ce babba, lamba 16 ƴar mitsitsiya. Iyakar tsukewar ƙofa, iyakar zurfin abin da zai fito tangaram. Misali, da gilashi mai lamba 35, in aka sa ƙofa a kan 8 aka aje tazara a kan mita 3, to duk abin da ke tsakanin wajen mita 2 da mita 7 zai fito sarai. Aikin da ya rage wa mai hoto shi ne ya san mita 3 da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a kan koyi wannan da auna taku a tsakar gida har ya zauna.

Sai saurin ƙyaure, watau tsawon lokacin da ido ke buɗewa ya rufe. Mai tafiya a ƙasa yana bukatar kashi ɗaya cikin 250 na sakan, mai keke ko yaro a guje kuwa kashi ɗaya cikin 500. In aka yi ƙasa da haka hannuwa da ƙafafu za su fito kamar hayaƙi. Tsofaffin masu hoto suna da wani lissafi na ka: in rana ta fito tarwai, a sa ƙofa a kan 16, a sa sauri daidai da lambar fim ɗin; fim mai lamba 400 ya tafi da kashi ɗaya cikin 500. In an shiga inuwa sai a buɗe ƙofa mataki biyu ko uku. Akwatunan zamani da wayoyin salula suna yin wannan lissafi da kansu, amma ba su san abin da mai ɗauka ke so ba.

A ƙasashen Sahel wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi. Na'urar auna haske ta kan ruɗe in ta ga farar babbar riga cikin rana: sai ta tsuke ƙofa don rigar, fuskar mai rigar ta fito baƙi ƙirin, ba ido ba baki. Malfa da rawani su ma suna jefa inuwa bisa fuska. Maganin abin shi ne a auna haske a kan fuska, ko a ƙara buɗe ƙofa mataki guda. Ba laifin fata ba ne. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin gwaji mai hoton farar mace, aka bar masu baƙar fata da abin da ya samu. Game da lokaci kuwa, tsakar rana ba ta da kirki ga wannan aiki. Hantsi da bayan la'asar sun fi, sa'ad da haske ke zuwa ta gefe, inuwa ta yi tsawo. Hazon hunturu, wanda kowa ke kuka da shi, ga mai hoto alheri ne, domin yana tausasa haske. Sai dai a rufe akwati da kyau, ƙura ba ta da tausayi.

Wasu kan so gilashi mai hangen nesa, su laɓe daga can. Manyan masu sana'ar ba su cika yarda da haka ba. Hoton da aka ɗauka daga nesa ya kan fito a daskare, mai kallo yana jin leƙe aka yi. Garry Winogrand na Amurka da gilashi mai faɗin gani ya yi aiki, mai lamba 28, yana kutsawa tsakiyar taro har kafaɗa na gogar kafaɗa. Yawan dannawarsa ya kai, sa'ad da ya rasu a 1984, an tarar da naɗin fim wajen 2,500 da bai ko wanke ba. Cikin hoto ɗari, in aka sami ɗaya mai kyau an yi kasuwa.

Masu ɓoye akwati

Akwai kuma waɗanda suka bi ta hanyar wayo. A 1916, cikin birnin Niyok, Paul Strand ya liƙa wa akwatinsa idon ƙarya mai ƙyalli. Jama'a na ganin ya auna gabas, alhali idon gaskiya yana duban kudu. Ta haka ya ɗauki wata makauniya mai talla, da allo rataye a wuyanta an rubuta cewa makauniya ce. Helen Levitt ta yi amfani da tagar leƙe mai kwana, tana fuskantar wani waje tana ɗaukar yaran unguwa da ke wasa a gefenta.

Walker Evans ya fi su nisa. Daga 1938 zuwa 1941 ya riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok da ƙaramin akwati Contax ɓoye cikin kwat, idon yana leƙe ta tsakanin maɓallai biyu. Ya zura igiyar dannawa ta cikin hannun riga har tafin hannunsa. Ba ya leƙawa, ba ya daidaitawa. Ya zauna kawai, ya fuskanci na kujerar gaba, ya jira jirgi ya tsaya don girgiza ta lafa. Ya sami fuskokin mutane da suka gaji, kowa ya tafi cikin tunaninsa. Amma bai buga littafin ba sai 1966, bayan shekara 25. Ana iya cewa jinkirin nan ya fi dabarar igiyar daraja, domin ya ba mutanen lokaci su tsufa, su sāke kama.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta akwati mai leƙe daga sama, irin Rolleiflex, wanda a kan rataya a wuya ya sauko ciki. Mai ɗauka ya sunkuyar da kai yana duba gilashi, ba ya haɗa ido da kowa, mutane kuwa ido suke tsoro, ba akwati ba. Da irinsa Vivian Maier ta yi aiki. Ita mai renon yara ce a gidajen masu hali a Shikago, tana fita da yaran tana ɗaukar hoto, ba ta nuna wa kowa. A 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda ta kasa biyan kuɗin ajiya, aka tarar da hotuna sama da 100,000. Ta rasu a 2009 ba ta san sunanta zai zagaya duniya ba. Wayar salula ta gaji wannan hali: wanda ya sunkuya bisa waya, ba mai zarginsa.

A Afirka ta Kudu ɓoye akwati ba wasa ba ne, batun rai ne. Zamanin mulkin wariyar launin fata, Peter Magubane na mujallar Drum ya taɓa rarake burodi ya sa akwati a ciki, ya yi kamar yana ci yana ɗaukar hoto a garin Zeerust, inda aka hana ƴan jarida aiki. Wani lokaci kuma cikin Littafi Mai Tsarki da aka rarake ya ɓoye shi. An kama shi a 1969, ya yi kwana 586 a kurkuku shi kaɗai cikin ɗaki, duk da haka yana nan da akwatinsa sa'ad da ƴan makarantar Soweto suka tashi a 1976. Ernest Cole kuma ya shiga sansanin ma'aikatan haƙar zinariya da akwati cikin jakar takarda ta abincin rana, ya huda mata ƴar kafa. Ya fito da hoton ma'aikata a jere tsirara, hannuwa sama, ana duba lafiyarsu kamar dabbobi a kara. Ya bar ƙasar a 1966, littafinsa House of Bondage ya fito a 1967, gwamnatin ƙasarsa ta haramta shi nan take. Cole ya rasu a gudun hijira a Niyok cikin watan Fabrairu na 1990, kwanaki kaɗan bayan sakin Nelson Mandela. A 2017 aka gano hotunansa wajen 60,000 cikin ma'ajiyar wani banki a ƙasar Suwidin. Da waɗannan mutane biyu sun tsaya neman izini, da babu shaida.

Haƙƙin wanda aka ɗauka

Amma fa ba kowane mai laɓe ba ne Cole. Shi ya ɓoye akwatinsa ne daga mai ƙarfi don ya nuna halin marar ƙarfi. Wanda ya ɓoye nasa daga almajiri, ko gurgu, ko mace mai shayarwa a bakin asibiti, don ya sami abin nunawa, ya juya maganar. Makauniyar Strand ba ta taɓa sanin fuskarta tana rataye a gidajen tarihi ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban. A Faransa, dokar 17 ga Yuli 1970 ta sa wa kundin dokokin zaman jama'a aya ta 9, mai kare sirrin rayuwar kowa, kuma da ita mutane kan kai ƙara in an buga fuskarsu ba da yardarsu ba. Labarin Robert Doisneau ya nuna inda abin ke kaiwa. A 1950 ya ɗauki saurayi da budurwa suna sumba a gaban gidan magajin garin Pari, duniya ta ɗauka tsintuwa ce. Bayan shekara 40 wani miji da mata suka ce su ne, suka nemi diyya. A gaban alƙali, a 1993, tilas Doisneau ya bayyana cewa ɗaliban wasan kwaikwayo ne ya nema suka yi masa. Ya ci shari'a, amma asiri ya tonu. A Amurka kuwa doka ta fi karkata ga mai hoto. Philip-Lorca diCorcia ya ɗaura fitila a jikin ƙarafan gini a tsakiyar Niyok, daga 1999 zuwa 2001, yana haske masu wucewa daga nesa. Wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini, wanda aƙidarsa ta hana hoto, ya ga fuskarsa ana sayarwa, ya kai ƙara a 2005. Kotu ta kori ƙarar a 2006, ta ce aikin fasaha ne, lokacin ƙara kuma ya wuce.

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, kafin a kai ga alƙali akwai al'ada. Ɗaukar matar aure ba da sanin gidansu ba na iya jawo rigimar da mai unguwa ma sai ya yi da gaske. Akwai dattijai da malamai da ba su son hoto sam, saboda addini. Barikin soja, filin jirgin sama da wuraren tsaro kuwa ba a ko gwadawa. Gari kuma ƙarami ne: wanda aka ɗauka yau, gobe ɗan'uwansa zai gani a Facebook ko WhatsApp, ba shekara 25 irin ta Evans. Saboda haka dabarar da ta fi dacewa a nan ba ta laɓe ba ce. A yi sallama, a gaida sarkin kasuwa ko shugaban tasha, a faɗi abin da ya kawo mutum, a sayi goro ko shayi, a zauna. Ranar farko kowa zai ƙame, yara su yi cincirindo gaban akwati. Rana ta uku an gaji da shi, mahauci ya koma kan namansa, dillali ya koma cinikinsa, a sa'an nan ne hoton gaskiya ke samuwa, da sanin mutane amma ba da shirinsu ba. In wani ya ɗaga kai ya ga an ɗauke shi, kada a sunkuya a gudu kamar ɓarawo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A nuna masa hoton. In ya ce a goge, a goge a gabansa.

Ta wannan hanya manyan masu hoton Afirka ta Yamma suka bi. Malick Sidibé na Bamako ya riƙa zagaya wuraren rawar samari da dare cikin shekarun 1960, har ya zama ɗan gida, ana rawa ana mantawa da shi. A 2007 aka ba shi babbar lambar Zakin Zinariya a Banis ta ƙasar Italiya. A Yamai kuma akwai Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo, wanda ya iso a 1959. Ya bi gidajen rawa da wuraren shaƙatawa na babban birni cikin shekarun 1960 da 1970, yana ɗaukar ma'aikata, sojoji, makaɗa da baƙi, yana sayar musu da hotunan. Abincinsa yake nema, bai ce tarihi yake rubutawa ba. Ya rasu a 2014, hotunansa kuwa su ne ke nuna yadda matasan Yamai suka yi ado, suka yi zama, cikin shekarun farko na mulkin kai.

Garuruwa suna sākewa da sauri fiye da yadda mazaunansu ke lura. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, wadda aka gina a madadinta aka buɗe a 1987 ba kamarta ɗaya da ta da ba. Ƙaramar kasuwa ita ma gobara ta cinye ta a 2012. Takardun ofis za su faɗi yawan rumfuna da kuɗin haraji, amma yadda ƴan koli ke jera kaya, da irin ɗaurin kallabin mata a wancan lokaci, da inda masu awo ke zama, sai a hoton wanda ya ratsa da akwati wata safiya. Irin waɗannan hotuna da yawa suna nan cikin akwatunan ƙarfe a gidaje da sarusi-sarusi, gara da zafi suna cin su, mafi yawansu ba a rubuta wuri ko shekara a bayansu ba.